Yadda ake zaɓen man canji ga famfon bakum na injin juya katako

Wanda ya saba juya akushi ko faranti a inji ya san gindi ne ke ba da wahala. An gama ciki, an gama baya, saura a share gurbin da aka kama katakon da shi, kuma babu inda za a sake kamawa ba tare da an bar tabo ba. A nan famfon bakum ke shigowa. Yana zuƙe iskar da ke tsakanin akushin da kofin riƙo mai leɓen roba, sai iskar waje ta danne akushin a jikin kofin, ka gyara gindinsa hankali kwance.

Yawancin famfunan da ke hannun masu wannan sana'a a Kaduna ba don katako aka ƙera su ba. Ko dai irin na masu gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki ne, ko kuma na gwanjo da aka ciro daga wata masana'anta. Ɗan kwalbar man da ya zo da shi ba ya daɗewa, na gwanjon ma babu kwalba babu littafi. Daga nan sai ka ga mutum ya miƙa hannu ga baƙin man mota, tunda shi ne a kusa. Ina roƙonka ka dakata, ka bi waɗannan matakai tukuna.

Kayan da za ka tanada

- Man da za ka zuba. Ƙananan famfuna ba su cika wuce rabin lita ba, amma ka sayi lita guda domin wanke ciki.
- Mazurari mai tsabta wanda bai taɓa ganin fetur ko kalanzir ba.
- Kwalbar gilashi fara, don tarar tsohon mai ka dube shi da kyau.
- Ƙaramar kwalba mai murfi da ɗan ruwa, don gwaji.
- Sifana daidai da notin zubar da mai. Wasu famfunan da hannu ake kwance shi.
- Tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare.
- Gejin bakum, da murfin toshe bakin famfon.
- Tocila, ko fitilar waya.

1. Fara gane irin famfon da ke gabanka

Kada ka je kasuwa kafin ka yi wannan, domin ba kowane famfo ke shan mai ba.

Zagaya shi da tocila. Idan ka ga ɗan gilashi a jikinsa da layin da ke nuna iyakar mai, da noti a ƙasa na zubarwa, da murfi a sama na zubawa, to famfon da ke iyo cikin mai ne. Irinsa ne Robinair, JB, Yellow Jacket da Value na masu gyaran firij, haka ma manya irin su Busch da Leybold da Edwards. A kansa mafi yawan bayanin nan zai tsaya.

Idan babu gilashi, babu wurin zubawa, to busasshe ne. Wasu suna aiki da ƙananan faranti na kabon da ke shafe kansu da kansu, wasu da fatar roba mai motsi, wasu da fistin. Waɗannan ba a ɗiga musu mai ko kaɗan. Mai yana haɗuwa da ƙurar kabon ya zama taɓo, farantan su liƙe a ramukansu, famfon ya daina ja. In ƙarfinsa ya ragu, filta ko faranti yake so, ba mai ba.

Akwai na uku da ke rikita mutane: wasu famfunan Gast masu ɗan tulun mai a gefe, wanda ke ɗiga a hankali cikin iskar da ke shiga. Su kamfanin da kansa ya ce a ba su man inji mara kauri, SAE 10, mai sinadarin wanki. Hanin da zan yi a ƙasa kan mai mai sinadarin wanki bai shafe su ba. Shi ya sa nake cewa ka ɗauki hoton farantin suna da lamba da ke manne a jikin famfon, ka sa lambar samfurinsa a intanet, ka nemo littafinsa. Maganar wanda ya ƙera abu tana gaba da tawa da ta mai shago.

2. San aikin da man yake yi, da lambar kaurinsa

A cikin famfo mai iyo a mai akwai dunƙulen ƙarfe da ke juyawa, da faranti masu zamewa suna shafar bangon ciki suna kwashe iska. Tsakanin farantin da bangon akwai 'yar tazarar da ido ba ya gani. Man ne ke toshe ta. Shi ne kuma ke hana gogayya, shi ke ɗauke zafi. Saboda haka ana son mai da ba ya tururi idan an zuƙe iskar da ke kansa, ba ya kumfa, kuma yana sakin ruwa ya kwanta a ƙasa maimakon ya riƙe shi. Asalin man bakum man ƙasa ne, wato wanda aka samo daga ɗanyen man fetur, da aka tace sosai, aka cire masa sassa masu saurin tashi, ba a kuma cika shi da sinadarai ba.

Sai kauri. A jikin kwalba za ka ga ISO VG da lamba a gaba: 32, 46, 68 ko 100. Lambar tana nuna kaurin man a zafin digiri 40, kuma girmanta girman kaurinsa. Ƙananan famfunan masu gyaran firij galibi 46 ko 68 suke so. Manyan na masana'anta irin Busch R5 sun fi tafiya da 100. In littafinka da lambar SAE ya yi magana, SAE 10 yana kusa da 32, SAE 20 yana tsakanin 46 da 68, SAE 30 kuma yana kusa da 100.

Yanayinmu yana da ta cewa a nan. A watan Maris da Afrilu, shago mai rufin kwano yana ɗaukar zafi, famfon kuma aikin katako yana sa shi ya daɗe yana gudu fiye da yadda mai gyaran firij ke kunna shi. Mai yana tsinkewa da zafi, toshiyar ta yi rauni. Don haka in littafi ya ba ka zaɓi tsakanin 46 da 68, ni 68 nake ɗauka. Amma kada ka ce tunda haka ne bari in tsallaka zuwa 100 a ƙaramin famfo. Da safiyar hunturu man yana daskarewa, ga wuta wani lokaci ba ta zuwa da ƙarfi, sai ka ji injin yana gurnani ya kasa tashi. Hakan in ya yawaita yana ƙona nadin waya.

3. Zaɓi bisa abin da ka samu

Na farko, man bakum na gaskiya mai kaurin da ya dace. Ba dole ne sunan da ke kwalbar ya zo daidai da na famfon ba. Man Robinair zai yi a famfon Value, na JB zai yi a Yellow Jacket, muddin duka man ƙasa ne kuma kaurin ya yi kusa. Wurin nema shi ne shagunan masu sayar da kayan gyaran firij da gas ɗin na'urar sanyaya ɗaki, ba masu sayar da man mota ba. In ba ka san inda suke ba, tambayi mai gyaran firij na unguwarku inda yake sayen nasa. Masu babban famfo su nemi dillalan man masana'antu. Shell da Mobil duka suna da man bakum mai lamba 100.

In ba a samu ba, ga abin da ke sauƙaƙa mana. Mai gyaran firij yana buƙatar famfonsa ya zuƙe kusan komai, har danshin da ke cikin bututu ya tafasa ya fita. Mai riƙe akushi ba ya buƙatar haka. Da inci gejin bakum ke auna ƙarfin zuƙa, kuma inci 18 zuwa 22 ya wadatar da yawancin aiki. A inci 20, iskar waje tana danna kusan kilo 0.7 a kan kowane murabba'in santimita. Kofi mai faɗin santimita 10 zai riƙe da ƙarfin sama da kilo 50, mai santimita 5 kuwa bai kai kilo 14 ba. Ka ga faɗin kofi ya fi tsadar mai tasiri a kan riƙo. Saboda haka man kwamfureso na ƙasa mara sinadarin wanki, ko man tobin, mai kauri daidai, zai yi maka aiki lafiya lau. Nemi inda aka rubuta “non-detergent” a jikin galan.

Ƙasa da wannan akwai man haidirolik 46 ko 68, wanda ya fi sauƙin samu a gari. Yana da sinadarin hana cin ƙarfe da famfon ba ya buƙata, ba zai kai ka ƙarshen geji kamar asalin mai ba, amma yana sakin ruwa kuma ba ya yawan kumfa. Na yarda da shi a matsayin rufin asiri har a samu na kirki, da sharaɗin a riƙa canza shi da wuri.

Duk wannan rangwamen na mai riƙe akushi ne. Idan kana sa katako a tukunyar bakum domin resin, wato ruwan roba mai daskarewa, ya ratsa shi ya ƙarfafa, kamar yadda ake yi wa ƙotar wuƙa da katako mai laushi, to sai asalin man bakum. Wannan aikin yana son zuƙa har ƙarshe na awanni.

4. Waɗanda ba a zubawa

Baƙin man mota ko na babur, irin 20W-50, shi ne babban abin da ke kashe famfuna. An yi shi ne ya riƙe datti da danshi a jikinsa har su isa filtar mota. Ƙaramin famfo ba shi da wannan filtar, sai dattin ya yi ta zagaye cikin farantan. Yana kumfa, sinadaransa suna tururi, kuma da ruwa ya shiga ba ya rabuwa da shi.

Man birki yana jan ruwa yana kuma lalata robobin famfon. Man giya ya yi kauri, ga sinadarin kibiritu mai wari. Jan man giyar otomatik cike yake da sinadarin wanki. Man kwamfuresan firij na zamani, wanda aka rubuta POE ko PAG a jikinsa, yana shan danshi daga iska da sauri, kuma ana yawan ajiye shi kusa da man bakum a shago ɗaya, don haka ka karanta kwalba da idonka. Man gyaɗa da manja suna zama danƙo da zafi. Tsohon man da aka juye daga janareto kuwa ko magana ba a yi.

Kada kuma ka gauraya man ƙasa da na haɗin kimiyya, ko iri biyu da ba ka san asalinsu ba.

5. Duba man kafin ka biya, ka gwada kafin ka zuba

Ka fi son kwalba mai hatimin da ba a fasa ba, mai sunan kamfani da lambar kauri. Man da aka ɗura a robar ruwan sha, aka ce maka “ai shi ne”, yana iya zama shi ɗin, yana iya zama komai. A Panteka da sauran kasuwanni ana samun kayan kirki da masu sana'a na gari, amma ba kowane mai sayarwa ne ya san bambancin man bakum da na haidirolik ba, ko da zuciyarsa ɗaya ce. In dole ta sa ka sayi na awo, yi masa gwaji uku.

Ɗaga shi a haske. Ya zama garau, fari ko ruwan zuma mai haske, babu gajimare babu ɗigon datti. Shinshina: kusan ba shi da wari. In ka ji ƙamshin kalanzir ko gas, an sirka shi.

Zuba cokali biyu na man da cokali biyu na ruwa a ƙaramar kwalba, rufe, girgiza da ƙarfi, ajiye. Man da ya dace zai rabu da ruwan cikin 'yan mintuna, layi ya fito sarai a tsakaninsu. Mai sinadarin wanki zai daɗe yana fari-fari kamar shayi mai madara. Wannan gwajin ba ya cin kuɗi, kuma shi ya fi tona asirin man mota da aka sauya wa kwalba.

In kana da ragowar asalin man, ɗiga ɗigo ɗaya nasa da ɗigo ɗaya na sabon a kan gilashi, ka karkata. In sun gangaro kusan tare, kaurinsu ya yi kusa.

6. Juye tsoho, wanke ciki, zuba sabo

Toshe bakin shigar iska, kunna famfon ya yi minti 10 zuwa 15. Mai ɗumi ya fi gudu, kuma yana fitowa da dattin da ya kwanta. Kashe, zare filogi daga soket, buɗe bakin shigar iska. Ajiye kwalbar gilashi, kwance notin ƙasa, ka kula da hannunka domin man yana da zafi. In ya daina zuba, karkata famfon wajen ramin ragowar ta fito.

Yanzu dubi abin da ya fito, domin yana ba da labarin shagonka. In fari ne mai kauri, ruwa ya shiga, ko daga ɗanyen katako ko daga iskar damina. In baƙi ne mai warin ƙuna, ya daɗe ko famfon yana zafi fiye da kima. In ka murza shi a yatsa ka ji gari-gari, ƙurar sanfefa ce ta wuce filta. In kuwa ka ga ƙyalli-ƙyallin ƙarfe, matsalar ta wuce ta mai, sai an buɗe famfon.

Idan man ya fito da datti, ko kana sauya iri, ko famfon na gwanjo ne ba ka san abin da aka zuba masa a baya ba, wanke cikin. Mayar da noti, zuba sabon mai zuwa layi, toshe baki, bar shi ya yi minti 20 zuwa 30, juye. In ya sake fitowa da launi, maimaita. Da man da za ka yi aiki da shi ake wankin. Kada ka zuba fetur, kalanzir ko tina: suna kumbura roba, ragowarsu tana tsinka sabon man, ga haɗarin gobara a shagon da ke cike da garin katako.

Sai cikawa ta ƙarshe. Goge kewayen murfi kafin ka buɗe, kada ƙura ta bi man. Zuba a hankali har ya bayyana a gilashi, rufe, kunna da baki a toshe na minti ɗaya, ka duba yana gudu. Ya tsaya a layin, ko tsakiyar gilashin in babu layi. In ya gaza, famfon ba zai ja sosai ba. In ya wuce, zai yi ta feshin mai ta mafitar iska. Tabbatar famfon yana kan wuri miƙaƙƙe, in ba haka ba gilashin zai yi maka ƙarya.

7. Karanta geji da sanin inda kake

Haɗa geji kai tsaye a bakin famfon, ba tiyo ba kofi, ka kunna. Mutane da yawa suna ganin allura ta tsaya a 27 ko 28 sai ransu ya ɓaci, su ce man jabu ne, tunda sun ji ana cewa famfo mai kyau yana kai 29 da ɗoriya. Wannan lissafin bakin teku ne, inda nauyin iska yake inci 29.9. Kaduna tana kusan mita 600 sama da teku, kuma kowane mita 300 yana rage kusan inci ɗaya. Iyakar abin da geji zai nuna a nan bai cika wuce 28 ba, ko santimita 70 zuwa 71 in gejinka da santimita yake. Wanda ke Jos zai ga ƙasa da haka sosai, kuma famfonsa lafiya ƙalau.

Rubuta lambar da ka samu yau a jikin bango. Ita ce ma'auninka. Sannan haɗa tiyo da kofi, ka danna faifan roba ko gilashi a bakinsa. In allura ta faɗi sosai, iska na shiga ta mahaɗa ko ta inda bututu ke ratsa sandar injin. In da gilashi tana hawa, da akushi tana sauka, katakon ne ke numfashi. Malaina da sauran katako masu sako-sako, da duk abin da aka yi wa siririn bango, suna barin iska ta ratsa. Ƙirya da tsamiya sun fi matsewa. Shafa banish ko kakin zuma a ciki yana rage wannan. Kada ka canza mai don laifin katako.

8. Tsare sabon man

Sa filta tsakanin kofi da famfo. In babu ta musamman, filtar fetur ta mota, sabuwa, mai gilashi ko farar roba da ake ganin ciki, tana yi. A hunturu ka riƙa dubanta kullum. Ajiye famfon nesa da inda sanfefa ke watsa gari, amma kada ka kulle shi a akwatin da iska ba ta shiga.

Irin wannan famfon, in yana jan iska mai yawa ta katako ko ta bawul ɗin rage ƙarfi, yana fitar da hazon mai. Ba abin shaƙa ba ne, kuma in ya sauka a kan katakon da ba a shafa wa komai ba, banish ba ya kamawa. Akushin da za a ci tuwo a ciki bai kamata ya ga wannan man ba ko kaɗan. Ja tiyo mai faɗi daga mafitar zuwa waje, kada ka matse ta ko ka toshe. Hazon mai ne ke fita, don haka ka duba gilashi duk safiya kafin ka kunna.

Bayan ka yi aiki da katakon da bai gama bushewa ba, musamman a Yuli da Agusta, toshe baki ka bar famfon ya yi minti 15 zuwa 20. In yana da ɗan bawul na shigar da iska da aka rubuta “gas ballast”, buɗe shi a wannan lokacin, danshin zai fita. Kafin ka kashe, saki bakum ɗin tukuna kana riƙe da akushin, in ba haka ba wasu famfunan suna tsotso mai baya zuwa cikin tiyo. Mai aikin resin ya sa kwalbar tarko tsakanin tukunya da famfo domin ta tare resin kada ya shiga famfon, kuma ya busar da katakon sosai kafin ya fara.

Ba kalanda ce ke faɗin lokacin canji ba. Da man ya yi gajimare, ko ya yi duhu, ko allura ta gaza lambar da ka rubuta a bango da inci ɗaya ko biyu, juye shi. Tara tsohon a galan mai murfi ka ba masu karɓar tsohon mai. Abin da aka zuba a kwata, ruwan sama na farko zai kai shi Kogin Kaduna. Ragowar sabon kuma ka rufe shi gam, ka rubuta lambar kaurinsa da ranar saye a jikin kwalbar, ka ajiye inda rana ba ta dukansa.